Ranar da Yaya Hamisu ya mayar da goro

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Hamisu, dillalin shanu a karar Wudil. Duk lokacin da na ji wani matashi ya bugo waya gidan rediyo yana yi wa babban mutum tambaya ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, rana ɗaya nake tunawa.

Wata Asabar ce bayan la'asar, a filin da ke bayan kara. Akwai liman da dattawan gari, akwai makiyaya daga Lajawa da Achika. A kan kujerun gaba ga wani attajiri mai gidajen mai, kusa da shi ɗan takarar da yake ɗaukar nauyinsa. Ni ina gefe da rikoda, gidan rediyon da nake wa aiki ya turo ni.

Maganar mashaya ce, inda shanu ke gangarawa kogi tun kafin a haife mu. Attajirin yana son wurin ya gina gidan mai. Ɗan takarar ya miƙe ya ce zamanin shanu a bakin gari ya wuce, duk mai son ci gaba ya goyi baya. Aka tafa. Sai aka zagayo da goro a faifai, kowa ya ɗauka, liman ya ɗaga hannu.

A wurinmu, idan aka karɓi goro aka shafa Fatiha, magana ta ƙare. Wanda ya dawo da ita daga baya shi ne mara kunya. Kowa a filin ya san haka, shi ya sa makiyayan suka sunkuyar da kai.

"Allah gafarta Malam, dakata da Fatihar nan!"

Muryar Yaya ce. Gabana ya faɗi, domin attajirin nan shi ne babban mai sayen shanu a hannunsa, da cinikinsa ake cefane a gidanmu. Yaya ya taka har gaban faifan, ya ajiye goronsa, ya juya ga ɗan takarar.

"Ranka ya daɗe, bara a nan wurin ka ce mashaya ta kowa ce. Yau ka ce zamaninta ya wuce. Wacce za mu riƙe ranar zaɓe?"

Attajirin ya yi dariya. "Hamisu, kai da ba ka da ko akuya a mashayar?"

"Shi ya sa ma, Alhaji. Ba wanda zai ce don akuyata nake yi."

Sai Yaya ya ɗauki faifan ya fara zagayawa da shi. Wani makiyayi ya jefa nasa. Wani ya bi. Kafin ka ce me, goro na ta zuba ta kowane ɓangare, mutane na turereniya. Wani dattijo daga Achika, Baffa Jauro, ya riƙo rigar Yaya ya ce, "Ɗan nan, ni fa na riga na gutsura."

"Baffa, kawo guntun. Shi ma a gani."

Filin ya ɓarke da dariya da sowa. Liman ya sauke hannunsa, ya laluba aljihu, ya mayar da nasa. Ni da aka koya wa kada in nuna ɓangare, na tsinci kaina ina ihu, rikoda tana ɗauka.

Yaya ya biya farashin abin da ya yi. Attajirin bai ƙara sayen ko maraƙi ta hannunsa ba, kuma shekarar ta yi mana tsauri. Ban taɓa jin ya yi nadama ba.

Da yana raye yau, na san da ya fi kowa murna. Yara a Sabon Gari suna ɗaukar bidiyon alkawarin ɗan siyasa su ajiye, ranar da ya sauya baki su fito da shi. Mata suna daina sayayya a shagon wanda ya raina su a bainar jama'a. Abin da Yaya ya yi da faifai ɗaya, yanzu ana yin sa da waya a kowace unguwa, kuma manya sun fara auna magana kafin su furta. Ina jin da ya sa an koya masa wayar ma. Abu ɗaya kawai zai tambayi kowane mai suka: ka mayar da goron, ko yana cikin aljihunka kake magana?

Bai bar gida mai bene ba, bai bar garke ba. Ya bar wa garin nan sanin cewa ana iya tsayar da Fatiha cikin ladabi idan ba a yarda ba. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Gidan man an gina shi can wajen gari. Mashayar tana nan, kuma Juma'ar da ta wuce na ga shanun Lajawa suna sha.