Ɗakin Goggo Mai Fil

Duk wanda ya taɓa zuwa taron shekara na ƙungiyarmu ta ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje ya san Goggo Mai Fil, ko yana so ko ba ya so. Kafin ka ganta za ka ji muryarta tana yi wa wani faɗa don ya rataya katin sunansa a baibai. Gajera ce mai jiki, tana ɗan ɗingishi saboda ciwon gwiwa, gefen mayafinta kuma kullum da fil a jere kamar na tela. Ta yi shekara da shekaru tana gwajin jini a wani ƙaramin asibiti, ta reni 'ya'yan ƙanenta har suka zama mutane, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa hawa dandamali ta gabatar da maƙala ba. In an tsokane ta sai ta ce, "In ni ma na hau, wa zai saurare ku, ku sarakan surutu?" Alhali duk zauren ba wanda ya kama ƙafarta a surutu.

Wata shekara ƙungiya ta fito da dokar mutunta juna a wurin taro, aka buga ta a bayan jadawali: ba taɓa jikin mutum, ba maganar banza, ba matsa wa kowa, wanda aka yi wa kuma ya kai ƙara. Niyya mai kyau ce. Sai dai mu mutanen gwaji mun saba komai a liƙa masa suna da manyan baƙaƙe don kada a yi kuskure. Saboda haka shugabanninmu suka dasa teburin kai ƙara a bakin ƙofar zaure, daura da inda manya ke shan shayi, da ƙaton allo a samansa. Fisabilillahi wace ce za ta tsaya a nan, mutumin da za ta kai ƙara yana gefe riƙe da kofi? Aka gama taro ba wanda ya leƙa. Ranar rufewa aka sanar ba a samu ƙorafi ko ɗaya ba, aka yi ta tafi.

Goggo ce aka zaunar a teburin, ita kuwa ba ta tafa ba. Da shekara ta zagayo ta ce in dai ita za ta riƙe aikin, a ba ta ɗan ɗakin bayan zaure inda otal ke tara kujeru. Ta cika shi da tarkace: allura da zare, fil, maganin ciwon kai, cajar waya iri-iri, madubi, tabarma don masu shayarwa, har da man goge takalmi. Kafin rana ta take ɗakin ya koma kasuwa. Manyan malamai na shiga neman caja, 'yan mata na shiga gyara ɗankwali, mai tsinkakken maɓalli na tsaye yana shan tsiya. Dokar tana nan a jadawali, ta ce mai ƙorafi ya ga Goggo, amma kowa ma ganin Goggo yake yi. Wanda aka ga ya fito daga ɗakin, ba mai tambayar abin da ya kai shi.

Ni a wannan shekarar na fara zuwa. Da ƙyar da siɗin goshi maigidana ya bar ni, don ya ce yana jin abin da ake faɗa a kan taron otal, surukata kuma tana taya shi. Na san in wani abu ya faru, ko ba laifina ba ne, ni da taro har abada. Ga shi na sha wuya a kan maƙalata, wadda ta shafi yadda jinin da ake kawo mana daga asibitocin ƙauye ke lalacewa a hanya saboda zafi. Wanda zai shugabanci zaman da zan yi magana wani farfesa ne da kowa ke rusuna wa, shi ne kuma ke zaɓen waɗanda za a tura kos na ƙaro ilimi.

Ana gobe zan gabatar, da yamma, aka tara mu a matattakalar otal don ɗaukar hoto. Ya tsaya a bayana. Sai na ji hannu a gadon bayana, ya yi ƙasa, ya zauna inda ba hurumin kowa ba ne. Ya raɗa mini, "Maƙalarki na son gyara. Ki same ni a ɗakina in an tashi. Kos ɗin nan ma ai a hannuna yake." Mai hoto yana ta cewa a yi murmushi. Na tsaya a wurin har aka gama ɗaukar hoton.

Ƙafafuna ne suka kai ni ɗakin Goggo. Na ce ina son fil. Ta dubi mayafina, lafiyarsa lau, ta dubi fuskata. Nan take ta juya ga mutanen da ke ciki.

"Kai jama'a, ku ba mu wuri! Rigar yarinya ta yage, sai ta cire zan ɗinke. Malam, ɗauki wayarka, ba a nan za ta kwana ba."

Ta sa sakata, ta miƙo mini ruwa, ta zauna. Matar da bakinta ba ya hutawa ta yi shiru har na gama kukana na faɗi abin da ya faru. Ba ta tambaye ni me na sa ba, ba ta ce ko kuskure ne ba.

"Sannu, 'yata. Ba ki yi komai ba. Yanzu me kike so a yi?"

"Gida nake son komawa, Goggo."

"Mota ba ta ƙare ba, in kin ce haka ni zan raka ki tasha. Maƙalar fa?"

Sai ta ce a ajinsu akwai wata ƙawarta da ta fi su duka kai. Irin wannan ya same ta a wani taro, lokacin babu doka babu inda za a je, ta koma gida ba ta gaya wa kowa ba, a hankali ta saki aikin. "Har yau in na kasa gane abu a madubin gwaji, ita nake tunawa," in ji ta.

Na ce, "Maigidana fa, in ya ji?"

"Ba daga bakina ba. Bakin nan da kike gani yana da faɗi, amma ya san inda yake tsayawa. Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, kos ɗin yana iya kuɓuce miki bana. Abin da na iya shi ne gobe mutumin nan ba zai zauna a kanki ba, in kin yarda in kai maganar."

Na yarda. Ta rubuta da kalmomina, ta karanta mini, ta gaya mini 'yan kwamitin da za su gani. Da za mu fita ta soka 'yan ɗinki a hannun rigata, wai kada a ce ta yi ƙarya.

Washegari aka sanar an canja shugaban zama, ba a faɗi dalili ba. Kwamiti ya ce farfesa ya nisanci zauren har a gama bincike. Ni kuma na ga ba zan iya hawa dandamali da wannan nauyi a ƙirji ba, na kira maigidana na gaya masa komai. Da na gama sai ya tambaye ni.

"Yau ne jawabin naki?"

"E."

"To ki yi shi. Sauran magana sai kin dawo."

Na hau, na karanta har ƙarshe. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce samfurin da na tara ya yi kaɗan, ban kuma auna zafin akwatin yadda ya kamata ba. Ya wanke ni tas. Ina tsaye ina kare kaina sai wani daɗi ya lulluɓe ni, don duk idon da ke zauren nan aikina yake kallo.

Kos ɗin kam ya wuce ni, kamar yadda ta faɗa. Amma duk abin da na zama a wannan aiki, bayan Allah, matar nan ce, kuma ban san da wane baki zan gode mata ba. Ranar ma da na tare ta a baranda zan fara godiya, katse ni ta yi.

"An yi miki tambaya mai zafi?"

"Sosai, Goggo."

"Madalla. Baɗi ki zo da maƙalar da ta fi wannan."

Na zo kuwa. Maigidana ne ma ya kai ni tasha.