Kawu da rediyonsa

Jiya a tashar motar Safana mai labarai ya yi sallama a rediyo, ba wanda ya amsa. Sai kawuna ya faɗo mini a rai. Shi kullum sai ya amsa, yana goge rediyonsa da bakin riga.

Da 'yan bindiga suka ƙone ƙauyenmu muka gudo Batsari, ya kasa kunne ko za a ambace mu, a kawo ɗauki. Labarai suka ƙare, shiru.

Na daka masa tsawa: "Kawu, kashe abin nan! Ba su san da mu ba."

Ya ce, "Bari dai, ɗana. Ƙila gobe."

Yana jiran goben ya rasu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa inda ya je an san da shi.