Batirin da Na Sa a Bayan Kujera

A shekarun da nake ba da labari, ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin, ni saurayi ne mai gyaran wutar mota a Yendi, da 'yar rumfata ta kwano a bakin tashar lori. Hannuna yana da kyau, direbobi har daga Gushegu suke zuwa nemana. Amma zuciyata ba ta da kyau, kuma abin da ya sa na rubuto muku ke nan bayan tsawon shekaru ina ɓoye shi.

A Salaga aka haife ni. Mahaifina mai gadi ne a ɗakin ajiyar hatsi na wani gidan 'yan kasuwa, jikokin fataken goro. Wata shekara buhunan masara suka ɓace, babban ɗan gidan ya zo ya mari mahaifina a gaban jama'ar kasuwa, ya kira shi ɓarawo, ya cire masa hula ya jefar a ƙasa. Ina tsaye ina kallo, shekaruna goma sha huɗu. Daga baya aka gano ƙanin wanda ya yi marin ne ya kwashe masarar, amma babu wanda ya zo ya ba mahaifina haƙuri. Tsohon ya daina fita sahun gaba a masallaci, ya daina zama da abokansa, bai cika shekara biyu ba ya rasu. Na bar garin na tafi Bawku koyon aiki, kuma duk shekarun da na yi can, da fuskar mutumin nan nake kwana, da ita nake tashi.

Wata ranar kasuwa sai ga wata tsohuwar mota ja mai ƙofa biyu, irin ta tsere, ta tsaya a gaban rumfata. Wanda ya mari mahaifina ne ya fito. Ya yi ƙiba, ya je Makka, bai gane ni ba ko kaɗan. Ya ce daga Togo ya sayo ta, batirinta ya mutu, wanda ya samu kuma ya yi wa gurbin gaba girma, bonet ba ya rufuwa. An gaya masa ana iya mayar da batir cikin mota, bayan kujerar direba. Na ce ana iyawa, Alhaji, ka dawo da la'asar.

Na san yadda ake aikin nan. Ana sa batir a akwati mai murfi, a ɗaure shi da ƙarfe a jikin mota, a ja bututu waje saboda iskar da yake fitarwa, a sa fis mai yanke wuta kusa da kan batirin, a sa roba duk inda waya ta ratsa ƙarfe. Ban yi ko ɗaya ba. Na ajiye shi a kan katako, na ɗaura masa igiyar roba don ido kawai, na bar babbar wayar tana gogar bakin ƙarfe. Ina aikin ina jin daɗi. Burina motar ta kama da wuta a tsakiyar hanya, ya tsaya da babbar rigarsa yana kallo tana cinyewa, mutane suna masa dariya. Ko da ya ƙone kaɗan, ban damu ba. Da ya zo ɗauka ya yaba aikin, na raka shi da murmushi.

Kwana tara bayan haka labari ya iso tasha. Wutar da nake jira ba ta tashi ba. A hanyar Salaga, wadda duk ramuka ce, motar ta faɗa wani rami, igiyar ta tsinke, batirin ya kife. 'Yarsa mai shekara shida tana kwance a 'yar kujerar baya tana barci, ƙafafunta na lilo a ƙasa. Ruwan batirin ya zube mata daga gwiwa zuwa tafin ƙafa. Sun yi nisa da kowane ƙauye, babu ruwan da za a wanke mata, sai da suka yi tafiya mai tsawo tana ihu. Ban taɓa tambayar kaina wa yake ɗauka a motar ba. Ko sau ɗaya tunanin bai zo mini ba.

Na zauna jiran 'yan sanda, ba su zo ba. Shi ne ya zo, bayan wata guda, a motar haya, ya rame. Ya zauna a bencina ya ce yarinyar ta fara takawa amma tana ɗingishi. Ya ce ya zo ne don kada in sa damuwa a raina, domin ya ji an ce na daina walwala.

"Masta, ba laifinka ba ne," in ji shi. "Ni na matsa a sa shi a ciki, ni kuma na yi gudu a muguwar hanya."

Na ce Allah ya ba ta lafiya, ya ce amin, ya tafi. Har ya rasu ban gaya masa da gangan na yi ba, kuma ban gaya masa ɗan wa nake ba.

Yarinyar yanzu uwa ce, tana sayar da doya a Salaga. Na taɓa tsayawa nesa na ga yadda take jan ƙafar dama idan ta tashi. Ita ba ta mari kowa ba, ba a ma haife ta ba ranar da aka wulaƙanta mahaifina. Ina roƙon 'yan'uwana masu aikin hannu, idan wanda kuke ƙi ya kawo muku aiki, ku ce ba za ku yi ba, ku gaya masa dalili a fuskarsa. Da na yi haka, da wataƙila ya ba ni haƙurin da nake nema, da kuma ita tana tafiya daidai.