Mil Goma Sha Huɗu Bayan Iyaka

Shekara goma sha tara Rhonda Vasek ta yi tana zaune bayan ƙofar Mai Shari'a Whitlow a kotun tarayya ta birnin Carver, a Amurka. Akawunsa ce, amma ba mai buga hatimi ba. Lauya ce. Ita ke karanta tulin takardun da lauyoyi ke jibgewa, ta tono tsofaffin hukunce-hukunce, ta rubuta daftari, shi kuma ya gyara jimla biyu ya sa hannu. Ba ta taɓa jin haushin haka ba. Tana son aikin.

A kan albashinta akwai ƙarin tsadar rayuwa, kashi talatin cikin ɗari, saboda ofishinta yana cikin gundumar Carver. Ƙarin nan shi ke biyan hayar ɗakuna biyun da take zaune da mahaifiyarta, Irena, titi biyu daga asibitin da ake yi wa tsohuwar wankin ƙoda sau uku a mako.

Da alƙalin ya cika shekara saba'in aka rage masa shari'u, aka ba shi izinin mayar da ofishinsa garinsu, Eldon, kusa da jikoki. Da kek ya zo ya sanar. Rhonda ta ci, ta taya shi murna, har ta soma lissafin man mota.

Ranar Laraba Connie ta sashen ma'aikata ta tare ta a bakin lif.

"Ke ƙawa, kin duba taswira kuwa?"

"Wace taswira?"

"Eldon ta wuce iyakar gunduma da mil goma sha huɗu. Can ƙarin tsadar rayuwa kashi goma sha bakwai ne. Kujerarki ake bi, ba gadon barcinki ba."

"Amma a Carver nake biyan haya!"

"Ko a duniyar wata kike biya. Ni ban zana layin ba, 'yar'uwa, bugawa kawai nake yi."

Dala dubu da ɗari ke nan za su fita daga hannunta kowane wata. Mai gidan haya kuwa ya riga ya aiko takardar ƙarin kuɗin haya.

Ta shiga wurin alƙali ba ta ƙwanƙwasa ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Yana tsaye yana zuba littattafai cikin kwali. Ta gaya masa kai tsaye. Ya cire tabarau, ya dube ta da mamaki, kuma mamakin na gaske ne.

"Wai albashi yana canzawa da gari?"

Nan zuciyarta ta tafasa. Albashin alƙalan tarayya ɗaya ne ko'ina aka ajiye su, shi ya sa bai taɓa sanin akwai layi ba. Sau goma sha tara ya sa hannu a takardar ƙarin albashinta. Mutumin da ke mayar wa lauya takarda saboda kuskuren lambar shafi, bai taɓa karanta tata ba.

"Yallaɓai, a bar kujerata a nan. Kwana uku a Carver, biyu a Eldon. Doka ta yarda, na duba."

"Na san kin duba," ya ce yana murmushi. "Amma akawuna bayan ƙofata yake zama. Haka alƙalin da ya rene ni ya yi da ni. Ki dawo Eldon mana, gidaje kamar kyauta. Ai ke 'yar gida ce, Rhonda."

"'Yar gida? Sunan mahaifiyata wa?"

Ya ɗauki wani littafi ya saka cikin kwali.

"Injin wankin ƙoda nawa ne a Eldon, Yallaɓai?"

"To... ba na jin akwai."

"Babu. Shi ma na duba."

Da ta koma gida da yamma ta tarar da Irena tana yanka kabeji, hannunta na hagu da tabon allura.

"Kin ɓata fuska kamar an ci ki tara. Tsohon nan ne?"

"Shi ne, Mama."

"Wanda ke aiko mana katin Kirsimeti ya rubuta 'zuwa ga Rhonda da iyali'? Ni ce iyalin, ko? Miƙo gishiri."

Mako biyu bayan haka wani gurbi ya buɗe a hawa na ƙasa, a tagar karɓar ƙara. Matakin yana ƙasa da nata, amma kujerar tana cikin gundumar Carver, kuma abin da ke zuwa hannu ya ɗara na Eldon da kaɗan. Ta cike takarda ba ta shawarci kowa ba.

Yanzu a nan take. Lauyoyin da a da ke rawar jiki idan sun ji muryarta a waya su ne ke turo mata takarda ta ƙasan gilashi, wasu ma ba sa ɗago kai. Tana buga hatimi da ƙarfin da ya wuce buƙata. Irena kuwa har yanzu da ƙafarta take zuwa asibiti, Litinin, Laraba da Juma'a.

A watan Maris alƙalin ya bugo waya daga Eldon. Sabon akawunsa ya kasa gano wani tsohon hukunci kan filayen jirgin ƙasa. Rhonda ta san shekarar, ta san shafin.

"Yallaɓai, nan tagar karɓar ƙara ce," ta ce. "Akwai mutum shida a layi."

Ta ajiye wayar, ta ce na gaba ya matso.