Ranar da Aka Ƙirga Kowa Ban da Ni

Shekarar da aka yi ƙidayar jama'a, kafin mulkin kai, malamin ƙidaya ya zauna a zaurenmu na Ƙofar Dumi ya tambayi mahaifina 'ya'yansa nawa. Baffa Bafulatani ne, ni kuwa 'yar farinsa ce, kunya ba ta barinsa ya ambace ni. Ya lissafa ƙannena kaf, har da jaririn da ya rasu da damina.

Sai ga ni da ruwan sha. Malamin ya ce, "Malam, wannan fa?"

Baffa ya dubi rufin zaure ya ce, "Ruwa ta kawo."

Shi ke nan, aka tashi. Har yau in an faɗi yawan mutanen Bauchi, sai in ƙara ɗaya.