A Gida Za Mu Koya Musu

Zuwera 'yar Zangon Kumasi ce, ni kuwa 'yar Zariya, mijina karatu ya kawo shi Doha na biyo shi. A unguwar Al Muntazah muka haɗu, bene ɗaya. Aikinta rakiyar yara a motar wata makarantar 'yan mata. Tun da duku-duku take fita, ta ɗaura wa wannan bel, ta share wa waccan majina, ta raba masu faɗa, direba yana ta "yalla, yalla", wato a yi sauri. Ranar Juma'a kuma kitso take yi a ɗakinta. Hannunta da zafi, bakinta ya fi hannun.

Duk wannan wahala saboda mutum ɗaya take sha, 'yarta Muhsina, wadda ta bari a Kumasi wajen Goggo Shetu, yayar mijinta marigayi. Burinta yarinyar ta gama sakandare ta zama nas. Sai dai Muhsina 'yar fari ce, Zuwera kuwa ta riƙe kunyar 'yar fari kamar farilla. Ba ta kiran sunanta, sai "yarinyar nan". In sun yi waya, ba ta wuce "Kin ci abinci? To, ba goggonki." Na daɗe da saninta kafin in ji sunan yarinyar, shi ma a bakin wata na ji.

Shekarar da hayaniya ta tashi a ƙasarsu kan koyar da yara sha'anin balaga a makarantun gwamnati, wayar Zuwera ba ta huta ba. Wasu na cewa a gaya wa yara komai, wasu na cewa a ce musu su kame kansu kawai, magana ta ƙare. A makarantar su Muhsina akwai wata malama da ke tara 'yan mata bayan an tashi, tana yi musu bayanin jinin al'ada, da yadda ciki ke shiga, da abin da yarinya za ta yi in namiji ya matsa mata. Da labari ya iso zauren WhatsApp na matan Zango, kaina yana tsakanin gwiwoyin Zuwera. Ta saki gashina ta danna waya, ta fara naɗar saƙon murya.

"Wallahi ba da 'ya'yanmu ba! Wa ya aike ta? Mu Musulmi ne, a gida za mu koya musu!"

Na ce, "Yaya Zuwera, wane gidan? Kina nan, tana can. Ke da ko sunanta ba kya faɗa."

Ta finciki gashina har sai da na ce wash. "Maman Hafiz, boko ya lalata ku. Goggonta tana nan. Halas, magana ta ƙare!"

Saƙon muryarta ya zaga Zango kaf. Ita ta sa Goggo Shetu ta je makaranta ta janye yarinyar daga zaman, wasu iyaye suka bi sahu, malama ta ga ba za ta iya ba ta daina. Ranar Zuwera har lemo ta saya mana.

To, a gidan, wa ya koya mata? Babu! Goggo Shetu ta ɗauka uwa ta yi magana a waya, uwa ta ɗauka goggo ta yi. A gabana wata Juma'a yarinyar ta kira, murya ƙasa-ƙasa.

"Mma, ina so in tambaye ki wani abu. Abin mata ne."

Zuwera ta kalle ni, ta kawar da kai. "Ke, ba ki da kunya? Tambayi goggonki."

"Ta ce in tambaye ki."

"To ki kama kanki, shi ke nan. Ina da baƙi."

Ta kashe. Na ce mata ta ba ni lambar ni in yi magana da yarinyar, tunda ni ba 'yar farina ba ce. Ta ce kar in shiga abin da ba ruwana. Raina ya ɓaci.

Abin da ya fi ƙona min rai kuwa, matar nan ta iya maganar. Ta iya sarai! Wata rana ta dawo aiki tana ba ni labari, har da alfahari. Wata yarinya Balarabiya jini ya zo mata karon farko a cikin mota, ta ɓata siket, tana ta rawar jiki tana cewa mutuwa za ta yi. Zuwera ta cire mayafinta ta ɗaura mata a ƙugu, ta kai ta kujerar baya, ta zauna da ita. Da Larabcinta na kasuwa da gutsuren Turanci ta yi mata bayani tsaf, cewa ba ciwo ba ne, ga yadda ake sa auduga, ga abin da ya canza daga yau. Uwar yarinyar har turare ta aiko mata. Tun daga ranar jakar Zuwera ba ta rabuwa da audugar mata.

Na ce, "Ikon Allah! 'Yar wani kin iya. Taki fa?"

Ta ce, "Ai wannan daban."

Muhsina tana ajin kusa da ƙarshe abin ya faru. Wani mai gyaran waya ne a bakin layinsu, babba da shi, ya rantse mata cewa sau ɗaya ba ya zama ciki. Wa za ta tambaya ko gaskiya ne? Da al'adarta ta ɗauke, murna ma ta yi, ta ce ta huta da ciwon mara. Sai da siket ɗin makaranta ya ƙi shiga Goggo Shetu ta lura. Mai gyaran waya ya rufe shago ya ɓace. Karatu ya tsaya cak. Matan da suka yi ta tura saƙon Zuwera suna "Allah ya saka da alheri", su ne suka fara cewa ai uwar da ta bar 'ya ta tafi neman kuɗi, me ake jira? Ko ɗaya ba ta tuna da malamar da suka sa ta daina ba. Munafukai!

Zuwera ta shigo ɗakina ido jajir, ta zauna a ƙasa. Ban ce mata ai na faɗa miki ba. Ta ce in zauna kusa da ita, za ta kira yarinyar. Aka ɗauka.

"Muhsina," in ji ta. "Muhsina, 'yata. Akwai maganar da zan gaya miki, ta mata."

Can yarinyar ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Ashe kin san sunan, Mma. Ki bar shi. Nas ta gaya min komai a wajen awo."

Yarinyar ta ajiye waya.

Yanzu Muhsina tana sayar da koko a ƙofar gidan goggonta, da goyo a baya. Tana ɗaukar waya in uwar ta kira, ta gaishe ta da ladabi, ta ce sun ci abinci, ta miƙa wa Goggo Shetu. Zuwera kuwa har gobe tana fita da duku-duku, tana ɗaura wa 'ya'yan mutane bel, audugar nan tana cikin jakarta.