Kwanon Silba a Ɗakin Hajiya Mariya

Ko na tsufa na fara manta sunan jikokina, ba na jin zan manta da wata Juma'a ta damina da aiki ya kai ni gidan Hajiya Mariya a Zongo. Lokacin ina shekarata ta biyu a kamfanin nan namu na intanet. A takarda teknisiyan ce ni kamar kowa, amma da yake ni kaɗai ce mace a cikinmu, an ajiye ni a biro, wato ofis, ina amsa wayar masu kuka. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba: in kwastoma ya kira, a buɗe masa takardar ƙorafi, shef, wato shugaban sashe, ya tura mutum. In an je sau uku abu bai gyaru ba, takarda ta koma hannun shef. Ta gidan Hajiya ta riga ta cika ukun nan.

Shef Basil ya kira ni ofishinsa, na tarar da babban ɗan Hajiya, Alhaji Sani, a tsaye, ya ƙi zama. Mahaifinsu ya rasu wata biyu da suka wuce, Hajiya tana takaba, ga ƙafafunta sun kumbura, daga gado sai darduma. Autarta Zainabu ta haihu a Faransa, gobe Asabar da safe suna, kuma sunan marigayi za a mayar. Abin da tsohuwa ta roƙa ɗaya ne, ta ga jaririn ta waya lokacin da ake raɗa masa suna. Ɗakinta kuwa can ƙuryar gida yake, ko kira na yau da kullum da ƙyar yake shiga.

"Shef, sau uku yaranka suna zuwa," in ji Alhaji Sani. "Kullum a ce rezon intanet yana da kyau. To, kyan nasa a ina yake tsayawa?"

Akwatin intanet ɗin yana shagon Alhaji a ƙofar gida. Jan sabuwar waya zuwa ciki sai an rubuta an jira mako guda, don haka abokan aikina suka ba su ƙaramar na'urar nan da muke kira repeta, wadda take karɓar wifi daga akwatin ta miƙa shi gaba. Sun saita ta a shago, ta yi aiki, suka bayar aka shiga da ita. Har sun canza wata sabuwa, duk jiya i yau.

Na tambayi shef, "A ina aka jona ta a cikin gidan?"

Ya duba rahoto uku, babu wanda ya rubuta. Ni kuwa a Zongo aka yanke mini cibi, na san dalili. Namijin da ba muharrami ba ba ya wuce zaure a gidan da ake takaba. Maza uku sun je, duk a bakin zaure suka tsaya suna auna wifi, suka ga ya cika fal, suka sa hannu suka dawo.

"Ba ni jakar kayan aiki," na ce. Ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya miƙo.

Na hau zem, babur ɗin haya, da lulluɓina, ruwa har idon sawu a layinsu. Na yi sallama na shiga, waya a hannu ina kallon ma'aunin ƙarfin wifi. A zaure sanda huɗu, a baranda uku, tsakar gida biyu, ina ɗaga labulen Hajiya ya ɗauke ɗif.

Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Sai da ta tambayi 'yar wace ce ni, ta gano ta taɓa sayen goro wurin kakata, sannan na ce, "Hajiya, ina abin da aka kawo a jona?"

Ta nuna da carbi. Bangon gabas kabad ne tun daga ƙasa har sama, cike da jeren kwanuka da tasoshi na shekara arba'in. A samansa firiz, wato soket ɗin wuta, yake, an ɗaga shi saboda ambaliya, kamar yawancin gidajenmu. Nan aka jona repeta. A kanta kuma an kifa wani kwanon silba mai kauri, an danne shi da faranti.

"Wa ya rufe ta, Hajiya?"

"Ni na sa aka rufe, 'yar nan. Abu yana ta ƙifta mini jan ido a alƙibla. In na ta da salla, sai in rasa raka'a ta nawa nake. Ai ban kashe shi ba, kunya kawai na koya masa."

Dariya ta so ƙwace mini, na danne. Jan idon da ya dame ta, shi ne na'urar take cewa ba ta jin akwatin. Kuskure biyu ne a nan. Repeta ba ta ƙirƙirar wifi, abin da ta samu take miƙawa, don haka in ka kai ta ɗakin da babu komai, babu abin da za ta ba ka. Sannan ƙarfe yana tare shi, ga shi an yi mata katanga da kwanuka an sa mata hular silba.

Na cire ta, na dawo baranda inda na ga sanda uku, daidai rabin tafiya tsakanin shago da ɗakin. Babu firiz a wurin, na jawo doguwar waya daga kicin na bi da ita ta saman bango, na kafa na'urar a inda ruwa ba ya fesowa, tana kallon ƙofar Hajiya. Jan idon ya koma kore. Na ɗauki wayar Hajiya na goge sunan wifi na shago da take ta maƙalewa, na haɗa ta da sabon. Sanda huɗu a kan gadonta.

"To, Hajiya, gwada."

"A'a. Gobe ki zo da kanki. Hannun da ya gyara shi zai riƙe mini."

Asabar ba ranar aikina ba ce, amma ƙarfe takwas ina gefen gadonta. Kira ya shiga, hoto tas, ko sau ɗaya bai tsaya ba. Muka ji liman ya yi addu'a ya faɗi sunan marigayi. Zainabu ta kawo fuskar jaririn kusa. Hajiya, wadda a rayuwarta ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, ta ɗora yatsa a kan gilashin wayar tana shafa kumatun yaron.

"Maigida," ta ce, "ashe ka dawo. Sannu da hanya."

Na riƙe wayar da hannu biyu don kada hoton ya motsa. Na yi kuka, kuma ban ji kunya ba.

Ranar Litinin shef ya ƙara layi ɗaya a takardar rahoto: ina aka jona na'ura, kuma wa ya gani da idonsa? Ni kuma daga ranar ban sake zaman amsa waya ba. Yau ni ce shef ɗinku, kuma ina alfahari cewa ta ɗakin nan na bi na zo.

Shi ya sa nake takura muku. Ma'auninku inda kuka tsaya kawai yake faɗa muku, ba inda mai gida yake zaune ba. In gida ya ce kada ku wuce zaure, ku girmama gida, amma kada ku sa hannu a kan abin da ba ku gani ba. Ku kira ni, ko ɗaya daga cikin matan nan huɗu da ke zaune a cikinku yanzu. Mu za mu shiga.